Kyamarar Kallon Ɗan Fari

Tun da na dawo daga Kaduna ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta shigo ɗibar wuta sai ta tambaya, wadda ta zo aron rariya sai ta tambaya: "Iya Dije, yaya hanya? Me likita ya ce? Wai da gaske kin sayo kyamara da tsufanki?" Na ce muku lafiya lau, kun ƙi gamsuwa. To, ga shi na zaunar da maƙwabciyata Malama Hadiza, ina faɗa tana rubutawa, tunda ni alƙalami bai san hannuna ba. A karanta muku ba na wurin. Akwai maganar da bakina ba zai iya ɗauka ba idan idanunku suna kaina.

Kun san idona na dama ya daɗe da tafiya. Na hagu ne ya rage, shi ma ya fara rufewa daga gefe, kamar mai leƙen duniya ta bakin gora. Wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne, ni Dije, ban san fuskar ɗan farina ba.

Na haife shi a ɗakin uwata, a ƙauyenmu ta wajen Kakangi. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan ba shi nono sai na kau da kai. Da aka yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi, a hannunta ya tashi. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka tata uwar ta yi. Ba wanda ya tsare ni da sanda. Kunya ce, kuma a lokacinmu ita ce adon mace. Ya girma, ya yi aure, ya koma Kaduna yana sana'ar walda. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma ina kallon tabarma. Na san muryarsa, na san takunsa, na san yatsun ƙafarsa har da farcen da ƙarfe ya fasa. Fuska kuwa, sai ɗan abin da na sata daga nesa yana ƙarami. Ran sunan 'yarsa Ummi aka zagaya da waya ana nuna hotonsa. Da ta iso hannuna mata suka zuba mini ido, sai na miƙa ta gaba ban duba ba. Suka ce, "Dije ta iya kunya." Na ji daɗin yabon nan ranar.

Da ido ya fara rufewa sai yabon ya daina yi mini daɗi. Na ce a raina, yanzu haka duhu zai same ni ban ga abin da na haifa ba? In roƙi hotonsa, da wane baki, a wajen wa? Waya kuma ban iya ta ba, yatsuna sun yi kanta, gilashin ba ya jin su. Ga shi abin kowa ce, kowa ya ɗauka ya buɗe. Amma na taɓa ganin wata ma'aikaciyar rigakafi da 'yar kyamara kamar sabulun wanka, tana ɗauka tana dubawa a bayanta. Saboda haka da Baban Ummi ya aiko in je a duba mini ido, sai na sayar da tunkiyata, na ɗaure kuɗin a lalita, ban gaya wa kowa ba.

Na isa tashar Birnin Gwari da hantsi. Ba a fita ɗaiɗai, sai motoci sun taru sun bi juna. Aka cusa mu huɗu a baya. Direbanmu mai baki ne, tun daga tasha yake tsokanar wani mai buhun barkono da ya sa mu atishawa. Amma da muka bar gari muka shiga daji sai ya kashe rediyo, ya ɗora hannu biyu a sitiyari, bai ƙara cewa uffan ba. Kowa ya tura wayarsa cikin aljihu. Ba ka jin komai sai leɓɓa suna motsi. Muka wuce ƙauyuka da ba kowa, ƙofofi a buɗe, mangwaro ya zuba a ƙasa ba mai tsinta. Da muka zo mararrabar da ke shiga wajenmu ban juya ba. Me zan gani? Tun da muka taso muka dawo cikin gari ban sake takawa ba.

Kusa da ni wata Bafillatana ce, tsohuwa kamata, ta matse jikinta a jikin ƙofa don kada ta taɓa kowa. Tun da ta shigo ba wanda ya amsa sallamarta da kyau. Kun san yadda zamani ya mai da mu da su. Na ɓara goro na miƙa mata. Ta daɗe tana dubansa kafin ta karɓa.

Ta ce a hankali, "Wajen wa za ki?"

Na ce, "Wajen mutanen Kaduna."

Ta yi ɗan murmushi. "Na farin ke nan."

Na kau da kai, ta gane. Can ta ce, "Ni nawa ya kora shanu kudu, damina uku ba labari. Ina zuwa kasuwannin shanu ina tambaya. Sai su ce, yaya kamanninsa? Sai in ce dogo ne." Ta tauna goron. "Dogaye kuwa suna da yawa."

Ba mu sake magana ba har ta sauka. Ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba.

A babban shingen sojoji aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, mota ta bi mu a baya. Ni da ba na ganin gefe, sai na yi karo da buhun yashin da suka jera, ƙullin tsarabata ya faɗi. Wani soja, daga jin Hausarsa mutumin kudu ne, ya ɗauka ya shinshina, ya ja da baya. "Mama, mene ne wannan?" Na ce daddawa ce. Ya sa aka kwance, ya gani, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Mai barkono ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ta fi bindigarka nisan zango." Aka yi dariya, dariyar farko tun da muka shiga daji. Sojan ya ɗaure mini ƙullin da kansa, ya riƙe mini hannu har mota.

Muka shiga Kaduna bayan azahar. Surukata Rabi, matar Baban Ummi, ita ta tarye ni. Gidan haya ne, ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya da mutum shida. Can ba a shiga gidan maƙwabci a ce an zo ɗibar wuta, wutar tana cikin tukunyar gas, kowa da tasa. Ruwan sha a leda ake saye. Na kwana uku maƙwabciyar da muke haɗa bango ba ta san na zo ba. Tuwonsu na garin kanti ne, fari sol, yana kama dasashi, ba ya ƙanshin komai. Yara kuma taliyar leda suke ci safe da yamma. Da Rabi ta kaɗa miyar kuka da daddawata sai Ummi ta toshe hanci. Na ce, "Ke da kishiyarki ta zo, ai dole ki yi yanga." Ba ta gane wasan ba, ta ruga wajen uwarta. Jikokin birni ba su san wasan kaka ba. Na zauna ni kaɗai da kwanona.

Da yamma ya dawo daga aiki. Na ji takunsa tun daga zaure. Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Iya, kun sha hanya." Na ce wa tabarma, "Lafiya lau." Ya ce, "Ya jikin?" Na ce, "Da sauƙi." Ya ɗan jima, ya tashi. Gaisuwarmu ke nan tun yana saurayi.

Washegari Rabi ta kai ni asibitin ido. Likita mace ce, ta haska mini fitila, ta sa na bi yatsanta. Ta ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage wa sauran gudu. Na ce, "Har yaushe?" Ta ce, "Wannan sai Allah, Mama." Amma ta faɗe shi tana tattara takardu, ba ta dube ni ba. Mu da muka ƙware a kau da kai, mun san ma'anarsa.

Da muka fito na ce wa Rabi ta kai ni inda ake sayar da kyamara. Ta tsaya cak. "Kyamara, Iya?" Na ce jikoki zan ɗauka. Ba ta ƙara tambaya ba, ta tsayar da keke-napep.

Shagon farko samari ne, suka ce ai an daina yayin wannan, in sayi waya. Ɗaya ya kama yatsana ya goga a gilashi, waya ta yi kamar ba a taɓa ta ba, suka kwashe da dariya. A shago na biyu aka ɗauko mini wata baƙa mai dogon baki, nauyinta kamar dutsen niƙa. Na ce ni ba ɗaukar biki zan yi ba.

Shago na uku na wata Inyamura ce, ƙatuwar mace mai fara'a, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. Kowa yana kiranta Maman Chidi. Na tambayi Rabi wane ne Chidi, ta nuna mini wani magidanci mai gemu a bayan kantar shagon, ta ce ɗanta ne na fari. Jama'a, da sunan ɗan fari ake kiranta, tana amsawa da ƙarfi. Ina tsaye ta kira shi, ta ja masa kunne wai bai ci abincin da ta kawo ba, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa tana cewa ya rame. Na kau da kai don kunya. Sai kuma na ga na sake juyowa ina kallonsu.

Ta ba ni kujera, ta jera mini uku a kan faranti. Duk ƙanana ne, kowace za ta ɓuya a cikin hijabi.

Ta farko ja ce, sabuwa a kwali. Na danna, sai ta yi ƙara kamar tsuntsu, ta watsa walƙiya har mai shagon gaba ya waiwayo. Na ce wannan mai tonon asiri ce.

Ta biyu siririya, ba nauyi, amma maɓallanta kamar ƙwayar gero. Na lalubi ɗaya na danna uku.

Ta uku ta zauna a hannuna daidai. Maman Chidi ta ce hotonta ya fi na sauran fita, batirinta yana daɗewa, ko ba wuta sai ta yi kwanaki. Chidi ya ce, "Ɗaga ta, Mama, ki saita fuskata." Na ɗaga. Sai na ga kyamara tana gaban idona, idona yana gaban fuskarsa. Duk wanda ya gan ni ya san wanda nake kallo. Na sauke ta. Duk ukun haka suke, sai ka ɗaga kai.

Na ce, "Babu wadda mutum zai ɗauki hoto kansa yana sunkuye?"

Maman Chidi ta yi dariya. "Mama, in kin sunkuya ai ƙafarki za ki ɗauka."

Rabi ba ta yi dariya ba. Na ji ta ja numfashi a bayana.

Chidi ya ɗan yi tunani, ya buɗe wata durowa ya ɗauko wata ta hannu, mai kauri, fentin gefenta ya goge. Ya sa farce ya ɗago madubin bayanta, sai ga shi ya kwanta yana kallon sama kamar marfin akwati. Ya ɗora mini ita a cinya. "Duba ƙasa." Na duba ƙasa, yadda na saba duba tabarma. Sai ga fuskarsa a tafin hannuna, yana murmushi, ni kuwa ban ɗaga kai ba.

Uwarsa ta ce, "Wannan tsohuwa ce fa, an yi amfani da ita. Ɗauki waccan, ta fi kyau." Na ce, "Ni ma tsohuwa ce, an yi amfani da ni." Ta buga cinya tana dariya, ta ce na gama da ita. Chidi ya kashe wa kyamarar ƙara, ya kashe walƙiya, ya nuna mini ɗan abin da ake turawa nesa ta zo kusa. Ya ga ina laluben maɓallin ɗauka, sai ya karɓi jan farcen uwarsa ya ɗiga a kai. "Ja kaɗai za ki danna, Mama. Sauran ba ruwanki da su." Ya haɗa mini da batir na biyu saboda wutarmu. Maman Chidi ta ce, "Wa za ki ɗauka haka a ɓoye? Ko saurayi kika yi?" Na ce jikoki ne.

A cikin keke Rabi tana kallon titi ta ce, "Iya, ƙarfe bakwai yake fita. Haske ya fi kyau a bakin ƙofa." Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

To, a nan ne na gane wautata. Na yi lissafin kunyata, na manta da tasa. Da safe na zauna, kyamara a cinya, gefen hijabi ya rufe ta sai idonta. Ya zo ya durƙusa. Na duba madubi: hula. Kansa a ƙasa yake, kamar yadda nawa yake a ƙasa. Na danna, na samu hula. Washegari na samu hula da kunne ɗaya. Rana ta uku Rabi ta zo wucewa da bokiti ta ce, "Baban Ummi, dubi kwanon rufin can, kamar yana yoyo." Ya ɗaga kai da sauri har ya wuce, na samu maƙogwaro da ƙasan gemu. Ya ce, "Yoyo da rani?" Ta ce, "To, na ga kamar." Da ya fita muka zauna ni da ita, ba mai duban wani. Ita ta fara dariya, ni ma na yi, sai dariyar ta juye mini.

Kwanakin da na ɗiba suka ƙare. Na ɗauki Ummi da ƙannenta, na ɗauki Rabi tana tuƙa tuwo, na ɗauki hula sau bakwai. Na ce wa raina, wataƙila haka Allah ya rubuta, wadda ta ƙi gani da ido biyu ba za a ba ta da rabin ɗaya ba.

Shi ya kai ni tasha. Yana gaba da kayana, ina baya ina bin dugadugansa. Ya samar mini gefen taga. Ya rusuna a jikin mota. "Iya, Allah ya kiyaye hanya. A riƙa ɗiga maganin." Na ce, "Allah ya yi albarka." Na ji takunsa ya ja baya.

Mota ba ta cika ba, ana jiran mutum ɗaya. Ban ji ya tafi ba. Sai na fito da kyamara na ɗora ta a bakin taga, na ɗago madubin, na sunkuyar da kai. Duk mai wucewa zai ce tsohuwa tana gyangyaɗi. Na ga 'yan talla, na ga masu dako. Na juya ta kaɗan. Ga shuɗiyar rigarsa can jikin wata rumfa, nesa, fuskar kamar ƙwayar wake. Na tura ɗan abin nan. Ta taho, ta taho, har ta cika madubin.

Dattijo ne. Ni ina riƙe da yaro a raina, ashe furfura ta cinye rabin gemunsa. Idanunsa sun yi ja saboda wutar walda, akwai ɗigon ƙuna a kumatunsa na hagu. Goshin babana ne, sak, har da layin nan na tsakiya.

Kuma ni yake kallo. Ba kyamarar ba, ni. Kansa a ɗage, idonsa a kaina, ba ya ko ƙiftawa. Ba irin kallon wanda ya samu dama yau ba ne. Kallon wanda ya saba ne, wanda ya san daidai nisan da zai tsaya, ya san kuma ba zan ɗago ba. Yana bin fuskata a hankali, daga goshi zuwa haɓa. Leɓɓansa suna motsi.

Na riƙe numfashi yadda Chidi ya koya mini, na lalubi jan, na danna. Ba ƙara, ba walƙiya. Na sake dannawa. Mutum na ƙarshe ya shigo, aka rufe ƙofa, mota ta ja, madubi ya cika da bango da tayoyi.

Dawowa ba abin da ya same mu. Mun sauka a shinge, mun taka, mun hau. Daji ya yi shirunsa, mu ma muka yi namu. A inda Bafillatanar nan ta sauka na leƙa ko zan gan ta, ban gan ta ba. Na so in gaya mata wani abu, ban ma san ko mene ne ba. Muka shigo Birnin Gwari kafin la'asar, na buɗe ɗakina, ƙura ta kwanta a kan komai, ba wanda ya taɓa ko tsintsiya.

Wadda take son ganin jikokina da kasuwar Kaduna ta zo, zan nuna mata. Wadda take son saye kuma, shawarata ita ce kada ta bi sabunta ko ƙyalli. Ta san abin da take son gani tukuna, sannan ta nemi wadda za ta nuna mata shi. Hotuna biyun nan kuwa kada wadda ta tambaye ni. Ina buɗe su bayan kowace salla, ina haddace su kaɗan-kaɗan kamar sura, don bakin goran yana ƙara matsewa, kuma ranar da ya rufe ina so ya same ni na riga na sauke.

Rabi ta aiko cewa in hanya ta yi kyau za su zo da Babbar Salla. Malama Hadiza ta ajiye alƙalami tana tambayata ko zan ɗaga kai a wannan karon. Ban sani ba. Icen da ya tanƙware tun yana ɗanye ba ya miƙewa don an so. Wataƙila zai durƙusa a bakin ƙofa, in gaida tabarma, ya tashi, kamar kullum.

Iyakar tafiyata ke nan. Shekara da shekaru ina sunkuyar da kai ina zaton ni kaɗai ce a wurin. Yanzu na san in na sunkuya, akwai mai kallona.